Gawa Dubu Huɗu a Gidan Jira

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga mata hanyoyi, Ya raba mutane dangi-dangi da gari-gari, Ya kuma ɓoye buƙatar kowa a hannun maƙwabcinsa. Ku gyara zama, 'yan'uwa, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Nomau wanzami, ɗan Shekarau wanzami, jikan wanzamai. Abin da zan faɗa muku ba a bakin fatake na tsinta ba. Ƙafata ta taka, idona ya gani, gadon bayana kuma ya karɓi rabonsa.

Ina da shekara talatin da ɗaya na rataya zabirata na bar gida. Aski na iya, ƙaho na iya, cire belu da tsaga maruru duk na gada. Abu guda ne ya gagari gidanmu, wato cire yana daga ido. Sai na ji labarin cewa can bayan Baƙin Rairayi akwai wani gari wai shi Kwalmi, a cikinsa akwai tsoho mai wannan sani. Na ce ko a bakin kura yake sai na je.

Mu goma sha tara muka shiga Baƙin Rairayi tare da ayarin masu neman gishiri. Tun a bakin hanya madugu ya gargaɗe mu. Ya ce, "Akwai waɗansu tsuntsaye a nan, girmansu kamar angulu. Kukansu kukan guga ne in ya faɗa rijiya. Wanda ya bi, ya tafi ke nan."

Rana ta goma sha biyu salkunanmu suka bushe. Rana ta goma sha uku tsuntsayen suka zo. Wallahi har fantsamar ruwan za ka ji, har ƙarar igiya a bakin itace. Mutum zai zabura ya haye tudu, kukan ya koma bayan tudu na gaba, tsuntsayen na biye da shi a sama suna jiran ya faɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Madugun da ya gargaɗe mu ma na ga ya miƙe yana murmushi, ya bi.

Ni abin da ya cece ni 'yar battar zuma ce da nake shafa wa miki. Na buɗe in lasa, sai ƙudan zuma guda ya sauka a bakinta. Na ce a raina, tsuntsu ya yi ƙarya, amma wannan ba ya nisa da ruwa. Da ya tashi na bi shi da rarrafe, in ya ɓace in sake buɗe batta in jira wani, har na iske tsagin dutse mai tsattsafo. Na sha, na cika salka, na koma neman 'yan'uwa. Na tarar da uku. Babu wanda ya buƙaci ruwan.

Kwana shida bayan haka na hango Zandaru. Birni ne fari fat a kan tsauni, ganuwarsa da gidajensa da matakalansa duk an sassaƙa su daga dutsen gishiri, in rana ta haska sai ka kare ido. Babu ƙasa ko cikin tafin hannu a garin. A ƙofa na tarar da mai gadi, gemunsa ya daskare da gishiri. Ni kuwa farin cikin ganin ɗan Adam ya cika ni, bakin wanzami kuma ba ya zama shiru. Na ce, "Sannu, maigida. Wannan gemu naka ai ya isa gyara miyar unguwa guda."

 Ya ɗaga gindin mashi ya sauke mini a baki. Ya yi ihu, "Bakwalme! Ga ɗan leƙen asirin Kwalmi!" Suka taru a kaina da bulala har na daina ƙirgawa, suka jefa ni tsohon ramin haƙar gishiri. Wanda bai taɓa kwanciya da tsagaggen baya a kan gishiri ba, kada ya ce ya san zafi.

Rana ta uku suka fito da ni suka ce fursuna ba ya cin banza. Suka kai ni wani kogo mai faɗin kasuwa, suna kiransa Gidan Jira. Da idona ya saba da duhun wurin sai na ga abin da ke ciki. Gawarwaki ne, jeri bisa jeri, a kan kantoci da aka sassaƙa a bango, tun daga ƙasa har inda ido ba ya kaiwa. Maza, mata, jarirai. Gishiri ya busar da su, bai cinye su ba, kowa da fuskarsa. Aikina in riƙa zuba musu sabon gishiri.

Kowace safiya wata tsohuwa takan shigo da sanda, ta zauna gaban wata gawa, ta kakkaɓe mata likkafani, ta ba ta labarin gari. Ana kiranta Iya Tumba. Ranar da ta ga bayana ta kawo mini man kaɗanya, ta ce, "Kai ne wanda ya yi wa mai gadi wasa?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Ban san a garin nan wasa laifi ne ba."

Ta ce, "Ba laifi ba ne, ɗan nan. Gado ne, kuma ba naka ba. Duk duniya Bakwalme kaɗai ke da ikon yi wa Bazandare wasa. Shi ya sa suka ɗauke ka namu."

"Naku?"

"Ni Bakwalma ce. Aure ya kawo ni. Wannan da kake gani mijina ne, Arzika. Shekararsa tara a nan yana jira."

A nan ta warware mini. Wanda ya kafa Zandaru da wanda ya kafa Kwalmi ɗan mace da ɗan namiji ne, taubasai. Kwazazzabo ne kawai ya raba garuruwan, da gadar igiya a kansa. Zandaru na da gishiri ba ta da ƙasa, Kwalmi na cikin fadama, ƙasa har ta yi yawa, babu gishiri. Tun kaka da kakanni, in Bazandare ya mutu Kwalmawa ke zuwa su ɗauke shi su binne a ƙasarsu, kuma ba a ɗaga makara sai Bakwalme ya tare hanya ya yi wa masu makoki tsiya har wani ya yi dariya. In an haihu a Kwalmi, Bazandare ke zuwa ya ɗora wa jariri gishiri a harshe, ya kushe hancinsa, ya raɗa masa suna.

Ta ce, "Shekara ashirin da bakwai ke nan, 'yar Sarki Dagazau ta rasu, ita kaɗai gare shi. Ƙanena Cindo ya tare makara yadda aka saba. Ya ce, 'Yarinya ta gaji da kallon munin ubanta, ta gudo wurin iyayen gidanta.' An faɗi wadda ta fi wannan a kan sarakuna, sun yi dariya. Shi kuwa Dagazau da sauran ƙuruciyarsa a lokacin, baƙin ciki ya rufe masa ido. Sara ɗaya ya yi wa Cindo."

Ta gyara wa mijinta likkafani.

"Tun ranar babu Bakwalmen da ya ɗauki gawa, babu Bazandaren da ya raɗa suna. Sau tara aka yi yaƙi a bakin gadar nan. Ka ƙirga kantocin in kana iyawa. Dubu huɗu ne da 'yan kai."

Na yi wata biyu a Gidan Jira, har fatata ta yi fari, rigata ta sandare kamar ƙirgi. Sai aka yanke cewa ranar kasuwa za a jefa ni kwazazzabo. Iya Tumba ce ta kawo mini labarin, ta haɗa da wani. Ta ce Sarki na kwance, maruru ya fito masa a ƙeya kamar ƙwan jimina, kuma dokar garin ita ce wanda ya fitar wa Sarki jini a bakin ransa. Wanzamansu duk sun ce hannunsu na rawa.

Na ce wa dogari, "Je ka ce wa fada, ga wanda an riga an gama da ransa. Doka ba ta da abin da za ta ƙara masa."

Suka kai ni. Na tarar da Sarki, tsoho, a kife a kan buzu yana nishi, dogarai huɗu da takubba tsirara a kaina. Na wasa aska, na yi bisimilla, na tsaga. Ya yi ƙara irin ta bijimi ya suma, mugunya ta cika ƙwarya. Kaifin takobi ya zauna a wuyana tun hantsi har la'asar, sannan Sarki ya buɗe ido ya nemi kunu.

Da ya warware ya sa aka kira ni. Ya ce, "Baƙo, ranka naka ne. Amma da na suma na ga kaina a kan kanta a Gidan Jira, kusa da 'yata, idona a buɗe. Ba na son in kwanta a can." Ya dube ni. "Kai ba namu ba ne, ba nasu ba. Za ka haye mini gada."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me?"

"Na aika da takobi sau tara. Na aika da dawakai arba'in da zinariya, suka yanke wa dawakan wutsiya suka koro su. Wannan karon zan ninka."

Na ce ni ban san garin ba, amma akwai wadda ta sani. Aka kawo Iya Tumba. Ta durƙusa daga nesa, ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, zinariya diyya ce. Wanda ya karɓa ya sayar da jinin Cindo, ba kuwa mai karɓa. Ka aika musu da abin da kakanninka ke aikawa kowace kaka: ƙwaryar gishiri, da karyayyen ludayi, da maganar da ke tafiya da su."

Fadawa suka yi ca. Wani ya ce, "A aika wa abokan gaba zagi, a ce sulhu ake nema?"

Sarki ya ce, "Me ya hana ki faɗi haka tuntuni, tsohuwa?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

 Sai Sarki ya ce a kawo ƙwarya, ya karya ludayin da hannunsa.

Da hantsi muka hau gadar, ni a gaba da ƙwarya a ka, Iya Tumba a baya, don ta rantse ba za a bar ta ba. Igiyoyin sun tsufa, itatuwan takawa rabi sun zube. In ka dubi ƙasa sai ka hango ƙasusuwan yaƙi tara sun yi fari a gindin kwazazzabo, na Zandaru da na Kwalmi a cakuɗe. Mun wuce tsakiya ke nan na ji shuu ta gefen kunnena, sai Iya Tumba ta ce, "Wash." Kibiya ta shige ta a kafaɗa. Ba ta faɗi ba. Ta riƙe igiya da hannu ɗaya, ta ɗaga murya ta rera waƙar da matan Kwalmi ke yi a bakin dutsen niƙa. Kibiya ta biyu ba ta zo ba.

Samari suka tare mu a ɗaya bakin. Na ga da yawansu da maƙoƙo a wuya saboda rashin gishiri. Na ji suna kiran juna "Kai", "Dogo", "Na Bayan Rafi", don duk wanda bai wuce shekara ashirin da bakwai ba a garin nan ba shi da sunan yanka. Babbansu wani baƙi ne siriri mai jajayen idanu, da baka a hannu, suna ce masa Maraya. Kwalmi na da dattawa, amma maganarsa ce ke tafiya, don shi ke riƙe da gada.

Aka kai mu dandali, gari ya taru. Na fara tambayar tsohon nan mai cire yana, aka ce ya mutu a yaƙi na shida da saninsa a cikinsa. Abin da na ƙetare Baƙin Rairayi dominsa ke nan, ya ƙare a magana ɗaya. Na sauke ƙwarya, na faɗi saƙo yadda Iya Tumba ta koya mini.

Na ce, "Ubangidanku Sarkin Zandaru ya ce a gai da bayinsa maciya kwaɗi. Ya ce ga gishiri ku sa a miya ko kwa san daɗin duniya. Ga ludayi kuma, ya san ko mai kyau aka ba ku karyawa za ku yi."

 Samari suka zazzare wuƙaƙe. Amma na lura da tsofaffi, leɓunansu na rawa. Can sai wani tsoho mara haƙori ko ɗaya ya dogara sanda ya miƙe, ya ce da ƙaramar murya, "Ka ce wa ƙadangarun nan masu lasar dutse... ka ce musu bawa ba ya aiko wa ubangijinsa ludayi, da kansa yake zuwa ya dama." Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, tsofaffi suka kama, wasu na dariya wasu na share hawaye. Samarin suka tsaya suna kallonsu kamar sun ga mahaukata. Ba su taɓa jin irin wannan ba tunda aka haife su.

Maraya ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar. Ya ce, "Wanda ya kashe ubana ya aiko a kira ni bawa, ku kuna dariya? Ku kai wannan fadamar matsattsaku."

Suka ɗaure ni a turke cikin ruwa har ƙirji. Matsattsakun wurin kowanne ya kai tsawon hannu, an ce kafin azahar sukan mai da saniya fata. Na ga ruwa ya yi baƙi yana nufo ni, na yi kalmar shahada. Na farko ya kama ni a ciki, sai ya murɗe ya saki. Na biyu haka. Wata biyu na Gidan Jira ya jiƙa rigata da fatata da gishiri, kafin ruwa ya gama wanke shi sun koyi tsorona. Kaɗan ne suka samu ƙafafuna. Samarin da ke gadi ba su san abin da gishiri ke yi wa matsattsaku ba, suka ruga gari suna cewa baƙon nan ba mutum ba ne. Ban gyara musu ba.

Maraya da kansa ya zo ya kwance ni, amma ba don tsoro ba. Ya ce, "An ce kai wanzami ne. Tsohuwar na kiranka."

Na tarar da ita a ɗakin wata ƙawarta ta ƙuruciya. Na cire kibiyar, na sa ƙaho na ja jinin, amma bakin mikin ya riga ya yi kore. Dafi ne. Na juya kibiyar a hannuna, na ga zare ja a gindinta, irin wanda ke kan sauran da ke cikin kwarin Maraya. Shi ma ya ga na gani.

Iya Tumba ta ce masa, "Matso in gan ka. Kai ne aka haifa kwana uku bayan an kashe Cindo?"

"Ni ne."

"To ni ce Tumba, yayarsa. Goshinsa ne da kai."

Bakan ya suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa, ya ce, "Goggo, ban sani ba. Na hango farar riga ne irin ta Zandaru."

"Na sani, ɗana. Hannunka bai yi rawa ba, ubanka kuwa ko kaza bai iya jifa ba. Baki ne da shi." Ta nisa. "Ba zan ce ka yafe ba, ni ma ban yafe ba. Shekara ashirin da bakwai ina shan ruwan garin Dagazau ban yafe ba. Abu guda nake so. Kada a sa ni a rami ni kaɗai. Ka je ka ɗauko mini Arzika."

Ya ce, "Goggo, ki roƙi wani abin."

"Ba roƙo nake ba."

Kwana biyu ta yi ta cika. Maraya ya zauna a ƙofar ɗakin yini guda bai ci ba bai sha ba. Washegari ya sa aka sare gora aka ɗaura makara. Ya ce gawa ɗaya zai ɗauko, ɗaya tak, kuma duk Bazandaren da ya ɗaga masa ido zai raba shi da shi.

Mu goma sha biyu muka haye: shi, da samari shida, da dattawa huɗu har da tsohon nan mara haƙori a goye, da ni a gaba ina ɗaga zabirata don masu gadi su gane ni. Zandarawa suka cika ganuwa, maharba a jere, babu mai tari. Aka fito da Arzika daga Gidan Jira aka ɗora a makara a bakin ƙofa. Samari suka sunkuya za su ɗauka, sai tsohon ya ce, "A'a. Ba a ɗaga makara a bushe. Sai an yi wasa, sai an yi dariya. In ba haka ba sata ce, ba jana'iza ba."

Sai ga Sarki Dagazau ya fito da ƙafa, babu laima, babu rawani, tsumma ɗaure a ƙeyarsa. Ya tsaya a ɗaya gefen makarar. Bai tambayi wane ne saurayin ba, goshin ya gaya masa. 

Ya ce, "Ragwayen bayi. Shekara ashirin da bakwai muna tara muku aiki, sai yau kuka ga damar zuwa?"

Hannun Maraya na kan wuƙa. Ina kusa da shi, ina jin numfashinsa. Shi bai san wasa ba, ba wanda ya taɓa koya masa. Ya dubi Sarki tun daga ƙafa har ka, ya ce a hankali, yadda kowa zai ji:

"Tun ina goye ake ce mini namiji ne ya kashe ubana. Na yi shekaru ina wasa wuƙa saboda namiji. Ashe tsohon ƙadangare ne mai ruɓaɓɓen wuya, matsoraci, wanda ya sare mai hannu wofi a gaban gawar 'yarsa. Ko karen Kwalmi ba zai haƙa maka rami ba."

Na ji ƙarar bakuna ɗari ana ja a kan ganuwa. Samarin Kwalmi suka haɗa baya. Ni dai na san a nan kwanana ya ƙare, don babu kunnen da zai ji wannan ya ce wasa ne. Fuskar Sarki ta yi toka. Jijiyar goshinsa ta tashi, yatsunsa suka dafe inda takobi ke zama, babu takobin. Ɗaga yatsa ɗaya ya rage masa.

Sai ya buɗe baki ya yi dariya.

Ban taɓa jin mummunar dariya irin wannan ba. Kamar ana jan tsohuwar ƙofa a kan dutse. Ya tilasta ta ta fito, ta sarƙe shi, ya yi tari, ya sake, hawaye na bin gemunsa. Ya juya ga ganuwa ya ɗaga murya: "Kun ji bakin bawana? Kun ji ɗan Cindo? Ubansa ma bai kai shi ba!"

Tsohon nan mara haƙori ya yi maza ya kama dariyar, dattawa suka bi. Wata tsohuwa a kan ganuwa ta yi guɗa. Ɗaya bayan ɗaya bakuna suka sauka. Tsohon ya ce, "An yi dariya. Ku ɗauka."

Muka binne Arzika da Iya Tumba gefe da gefe kafin rana ta faɗi.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. Washegari dattawan Kwalmi suka koma da makara uku ba su nemi izinin kowa ba, jibi da goma. Sati na biyu wani Bazandare da aka kashe masa 'ya'ya biyu a yaƙi ya soke wani dattijo a kan gada, aka rufe hanya kwana arba'in, na yi ta kai da kawowa har tafin ƙafata ya tsage kafin a sake buɗewa. Akwai gidajen da har na bar ƙasar ba su yarda Bakwalme ya taɓa gawarsu ba. Amma rani bai ƙare ba sai da aka kwashe fiye da rabin Gidan Jira, 'yar Sarki a cikinsu. Tsofaffin Zandaru kuma suka riƙa hayewa da gishiri a ƙullin zane, ka ga ƙato mai gemu da 'ya'ya uku ya durƙusa ya miƙo harshe, tsohuwa ta kushe hancinsa ta raɗa masa suna, ya tashi yana maimaitawa a ransa kamar mai tsoron ya zube. Ni na yi musu askin suna, har askata biyu suka cinye.

Maraya bai karɓi suna ba. Sarki ya aiko sau uku cewa shi da kansa zai raɗa masa, bai ko amsa ba. Amma bai hana kowa hawa gada ba, kuma ya fi kowa haƙan kabari.

Ranar da zan tafi, na sami jirgin masunta da zai gangara da ni kudu, na bi ta maƙabarta in yi masa sallama. Na same shi cikin rami har ƙugu, gumi na zuba. Na tsuguna a baki na ce, "Zan tambaye ka abu ɗaya, in ka ga dama ka amsa. Ranar nan a ƙofar Zandaru, wasa ka yi ko zagi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zagi."

Na ce, "Sarki fa, kana jin ya gane?"

Ya kafa magirbi a ƙasa. Ya ce, "Ya gane."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da haƙa, don ga wata makara can ta sauko daga gada, masu ɗauke da ita na faɗa da masu rakiya a kan wane ne bawan wani.

Iyakar abin da na gani ke nan a tsakanin Zandaru da Kwalmi. In na ƙara, Allah Ya yafe mini. In na rage, tsufa ne. Allah Ya sa mu cika da kyau, Ya kuma ba mu masu ɗaukarmu.